Saƙon Aski Zuwa Kajuru

Ƙarfe tara da kwata na safiyar Laraba abubuwa suka fara lalacewa, ko da yake ni ban sani ba sai da rana ta yi tsaka. A daidai lokacin ina zaune a tashar Kafanchan cikin motar Kagarko ana jiran fasinja ɗaya, su kuma 'yan fim ɗin da zan je nema suna fita daga Kagarko da kayansu kaf. Daga baya na tambayi direban bas ɗinsu, shi ya tabbatar mini da lokacin.

Tun da muka dawo makaranta a Gidan Waya 'yan ɗakinmu suke damuna. "Godiya, da gaske kin je lokeshan? Wa da wa kika gani? Ina hotuna?" Ban ɗauki hoto ko ɗaya ba. Kuma ban iya ba da labari da baki ba, in mutum uku suka zuba mini ido sai in fara daga tsakiya. Shi ya sa na rubuta, kowa ya karanta ya bar ni in yi karatu.

Wanda na je nema yayan babana ne, Ishaku. Mu muna ce masa Baba Babba, ku kun fi saninsa da Buɗe-Ƙofa. Ya fara wasa ne a ƙungiyar matasa ta majami'armu, inda kowace Ista shi ne sojan Roma mai mashi, saboda tsayinsa. Kakanmu ma'aikacin reluwe ne kuma ya so ya gaje shi, amma ya tafi Kaduna ya samu shiga wani wasan talabijin a matsayin maigadi. Mai gidan a wasan kullum sai ya danna hon yana ihu, "Buɗe ƙofa!" Sunan ya bi shi har tsufa. Daga Kaduna ya yi Jos, ya yi Kano, ya yi Abuja, fina-finan Hausa da na Turanci. Ya fito a maigadi, direba, ɗan sanda, boka, kuma kusan kullum kashe shi ake yi kafin a kai tsakiya. Ranar da Kaka, mahaifiyarsa, ta fara ganin an harbe shi a talabijin ɗin maƙwabta, faɗuwa ta yi tana kuka, sai da aka tura mutum Kaduna ya gano shi yana cin shinkafa. Daga baya ta saba. In an sa fim ɗinsa tana zaune tana tsinke yakuwa sai ta ce, "In sun kashe shi ku gaya mini in je in ɗora tukunya."

Bara ne aka ba shi abin da ya yi shekaru yana jira, babban matsayi a wani dogon shiri: tsohon sarkin ƙauye da ya ƙi sayar wa masu haƙar ma'adinai tudun mutanensa. Saboda shi ya daina aski tun kakar bara. Gashin kansa da gemunsa suka fito fari fat. Ana cikin ɗaukar shirin Kaka ta rasu.

A gidanmu, in an rufe kabarin uwa ko uba, 'ya'ya maza suna zama a gefensa a aske musu kai da gemu, bi da bi, daga ɗan fari. Fasto ya san da al'adar, ba ya hanawa, yakan ma tsaya har a gama. In ɗan fari yana raye bai zauna ba, mai bi masa ake fara askewa, kuma daga ranar shi ne babban gida. Shi zai yi magana a taron dangi, shi zai ba da 'yan mata aure. Mai bi wa Baba Babba shi ne babana, kuma babana ba ya so. Ranar da Kaka ta rasu, Baba Babba ya ɗauki waya, ya yi kuka, ya ce zai kira. Bai kira ba, bai kuma ƙara ɗauka ba. Dattawa suka sa jana'iza ranar Asabar, suka ce in yammacin Juma'a ta yi ba su ji daga bakinsa ba, za su shirya babana. Suka ce irin wannan saƙo ba na waya ba ne, mutum zai kai, mutum zai kawo amsa.

"Godiya za ta je," in ji babana. "Ba ta ƙara gishiri a magana."

Anti Laraba, ƙanwarsu, ta ce, "Wannan da ko gishirin miya ba ta iya roƙa a maƙwabta?"

Duk da haka ni aka tura.

Motar Kagarko ƙarama ce, mu huɗu a baya. Na samu gefen wata mata mai kasuwancin citta da ta cika but ɗin motar da buhuna, har sai da aka ɗaure murfin da igiya. Warin citta ya sa kowa atishawa kafin mu fita gari. Ta dubi baƙaƙen kayana ta ce, "Wa ya mutu?" Na ce kakata. Ta ce, "Ayya, sannu. Ya tsufa?" Na ce ta tsufa. Ta ce, "To ai biki ne. Me ya sa ka bar gida ana dahuwa?" Haka ta bi ni da tambaya ɗaya bayan ɗaya, kafin mu kai Kwoi ta san sunan ƙauyenmu, kwas ɗin da nake karantawa, da wanda zan je nema. Ta juya ta sanar da motar gaba ɗaya.

Wani tsoho a gaba, mai hular tsofaffin sojoji, ya ce shi ya san Buɗe-Ƙofa tun talabijin ba kala. "Mutumin kirki ne, amma ba shi da sa'a. Ko ɗan fashi ɗaya ya shigo gida, shi zai fara samu."

Bayan Kwoi taya ta fashe. Direba ba shi da abin ɗaga mota mai aiki, sai aka sauke buhunan citta, maza suka ɗaga gefen motar, aka cusa dutse. Ni aka ba riƙon kusoshin taya a cikin ɗankwalina, wai na fi kowa kama da wadda ba za ta zubar ba. Mai citta ta ba ni dafaffiyar gyaɗa. A shingen sojoji na kusa da Kubacha wani soja ya leƙo ya tambayi inda kowa zai je. Kafin in buɗe baki direba ya ce, "Oga, wannan 'yar Buɗe-Ƙofa ne." Sojan ya dube ni da kyau, ya juya wajen abokinsa da ke riƙe da katakon ƙusoshi ya daka ihu, "Buɗe ƙofa!" Aka ja katakon, motar ta cika da dariya. Ni dai na sunkuyar da kai.

A Kagarko wani mai babur ya kai ni tsohuwar makarantar firamare da aka ce suna aiki. Na tarar da ledojin ruwa, da toka, da gaban fada da aka yi da kwali an jingine shi a jikin aji. Awaki suna cin ƙasansa. Wata mata da ta yi musu girki tana wanke manyan tukwane a gindin famfo. Ta ce sun tashi da safe zuwa Kajuru, can ne tudun yake.

Na ce, "Akwai wani tsoho mai farin gemu?"

"Sarki? Yana nan. Shi kaɗai yake dawo mini da kwano a cike. Tun makon jiya shayi kawai."

Na koma tasha. Motar Kachia ta ƙarshe ta riga ta tafi, kuma direbobin suka ce bayan la'asar ba mai bin hanyar, ko nawa za a ba shi. Na kira babana. Ya ce in nemi gidan Mama Tabita, matar wani abokinsa na kwalejin horar da malamai wanda ya rasu. Ba ta taɓa ganina ba. Da na faɗi sunan babana sai ta riƙe haɓata ta juya fuskata hagu da dama ta ce, "Hancin Luka ne. Shigo."

A gidan na ci sakwara da miyar agushi. Mu a gida acca muka fi ci, doya sai Kirsimeti ko in an yi baƙo, su kuwa a nan har da safe ita ce. Da yamma ina zaune a ƙofar gida na ga matan Gbagyi suna dawowa daga gona da itace, ba a ka ba, a kafaɗa, cikin wata babbar ƙwarya da ke zaune a bayan wuya. Na taɓa karantawa amma ban taɓa gani kusa ba. Mama Tabita ta kira ɗaya daga cikinsu da suke zumuntar mata tare, ta ce, "Ga 'yar makaranta tana kallonki, gaya mata dalili." Matar ta ce kai ya riga ya ɗauki tunanin mutum, ba a ƙara masa wani kaya. Ta tambaye ni mu fa. Na ce mu muna ɗora masa itace, in an yi mutuwa kuma mu aske shi. Ta ce, "Kai, kanku yana shan wahala."

Bayan cin abinci suka yi sujadar iyali, aka ce baƙuwa ta rufe da addu'a. Na fara. Muryata ba ta fita sosai, da na tsaya in numfasa suka ɗauka na gama, suka ce amin suka tashi. Ban kai kan Baba Babba ba ma. Na ƙarasa a zuciya.

Da safe Mama Tabita ta cika mini gorar roba da kunu, ta raka ni tasha, ta damƙa ni a hannun direba kamar kaya, tana maimaita masa cewa a Kachia ya sa ni a motar Kaduna da hannunsa. Ya yi hakan. Abin da bai yi ba shi ne ya gaya mini kada in bar jakata kusa da injin. Bas ɗin da na shiga a Kachia irin wanda injinsa ke ƙarƙashin kujerar gaba ne. Kunun ya yi zafi, ya kumbura, muna wuce Kufana murfin ya yi tsalle. Rabinsa ya shiga jakata, rabi ya sauka a siket ɗina da takalmin wani ɗan kwaleji. Ya ce ba komai, amma har na sauka yana goge takalmin yana kallona. Na isa Kajuru ina warin tsami kamar na kwana a gidan burkutu.

Ban yi tambaya da yawa ba. Duk masu babur sun san inda 'yan fim suke, wani ƙauye a gindin duwatsu, daga inda ake hango ginin nan mai kama da fadar Turawa a kan tudu. Mutane suna tambayata ko na shiga ginin. Ban shiga ba, daga nesa na gan shi.

Wurin 'yan fim wata ƙasa ce daban, har da iyakarta. Igiya ce shuɗiya aka ɗaura tsakanin itatuwan ɗorawa biyu, wani ƙato yana zaune a kan benci da kwando cike da wayoyi.

"Wa kike nema?"

"Ishaku."

"Babu Ishaku a nan."

"Buɗe-Ƙofa."

Ya miƙe. "Kada ki ƙara kiransa haka. A nan Sarki ne." Ya shinshina iska, ya dube ni sama da ƙasa. Ina shirya yadda zan yi masa bayanin kunun sai wata budurwa mai na'urar magana a kunne ta taho da gudu. Ta ga baƙaƙen kaya, ta kama hannuna. "Ke ce ta ƙarshe? Kun cika latti wallahi. Ajiye waya, zo." Na ce, "Ni ba..." Ta ce, "Ba sai kin yi magana ba, tsayawa kawai za ki yi." Wannan kam na iya.

Ta kai ni bayan wata bukka ta cusa ni cikin mata kamar ashirin, duk da baƙaƙen kaya, a gefen wani rami. Jana'iza ake ɗauka. A labarin matar sarki ce ta mutu. Akwatin babu kowa a ciki, matar da ta mutu tana zaune a inuwa tana cin shinkafa da wake. Aka ce mana in an ce akshan mu yi kuka, amma kada ya fi na Sarki ƙarfi.

Sai ga shi ya fito. Ban taɓa ganinsa haka ba. Ya rame, an yafa masa farin saƙi, gemun ya sauko har ƙirji. Ya tako a hankali zuwa bakin ramin, ya ɗebi ƙasa. Da ya ɗago ido sai ya sauke shi a kaina. Na tabbata ya gane ni, domin hannunsa ya tsaya a sama. Kyamara tana aiki. Ya zuba ƙasar, ya faɗi maganarsa har ƙarshe ba tare da ya yi tuntuɓe ba, hawaye suna bin gemun. Aka ce kot, aka tsayar da kyamara. Matan da ke gefena suka daina kuka nan take, ɗaya ta tambaye ni ko ina da cingam. Aka sake ɗauka saboda zakara ya yi cara, aka kuma sakewa saboda gajimare ya rufe rana. Kowane karo ya yi kuka daidai wurin da ya yi na farko.

Da farko abin ya ba ni mamaki, kuka da umarni. Amma da na tuna, Anti Laraba ma ba ta fara nata sai ta iso gindin mangwaron ƙofar gidanmu, kuma tana dainawa in an miƙa mata kunu. Bambancin dai a gida ba a sakewa.

Da aka tafi hutun cin abinci, wata dattijuwa ta aiko a kira ni. Ita ce gawar. Hajiya ake ce mata, daga Kano take, ta ce sun yi aiki da Baba Babba tun suna da ƙuruciya. "Ya buɗe mini ƙofa a fim ya fi a ƙirga. Sai bana na samu na aure shi, ga shi kuma har na mutu." Ta yi mini ta'aziyya yadda ya kamata, ta ba ni zane in ɗaura, ta sa aka wanke siket ɗina aka shanya a kan motar janareto. Ta tambayi yaushe aka yi rasuwar. Da na faɗa mata ta riƙe baki. "Har yanzu tana asibiti a ajiye? Mu da tuni an yi sadakar bakwai. Amma naku ma da hikima, ana jiran na nesa." Ta rage murya. "Ya gaya mini zancen askin. Ni ban ce masa komai ba. Na san shekarun da ya yi yana jiran a ba shi kujera ya zauna a gaban kyamara."

Abincinsu ma da tsari. Manyan 'yan wasa a faranti, ma'aikata a roba mai murfi, mu masu kuka a leda. Ba wanda ake kira da sunansa na gida. Akwai Sarki, akwai Mai Haske, akwai Mai Sauti, akwai wata da ake kira Kwantiniti, wadda aikinta shi ne ta tabbatar komai ya zauna yadda yake jiya, har karkatar hula. A wayarta, ita kaɗai aka bar wa waya, akwai hotunan gemun Baba Babba ta kowane gefe.

Darakta mace ce, ba ta girme ni da yawa ba, 'yar Jos. Hajiya ce ta kai ni wurinta. Ta saurare ni a tsaye, tana cin abinci. Ta ce ta ba shi Asabar da Lahadi tun ranar da aka yi rasuwar, ya je ya binne mahaifiyarsa. "Askin ne matsalar. Ba a jere muke ɗauka ba. Mun ɗauki farko, mun ɗauki wani yanki na tsakiya, saura duk ƙarshen. Mun gwada gemun roba a kan wani, zafi ya narkar da gam ɗin, kuma kyamarar yanzu har ramin gashi tana nunawa. Ba zan iya tsayar da mutanen nan duka su jira gashi ya fito ba, damina za ta wuce."

Na ce, "In ya aske fa?"

"Sai in kashe Sarki a tsakiya, ɗansa ya ja sauran labarin. Marubucin ya riga ya rubuta, yana nan a ajiye. Ba na so. Shi ne abu mafi kyau a shirin nan." Ta rufe robar abincinta. "Na gaya masa shi zai zaɓa. Kullum sai ya ce gobe."

Na same shi a bayan bas, zaune a kan kujerar roba, an sa masa tawul a wuya kada shayi ya ɓata gemun. Na durƙusa na gaishe shi da yarenmu. Ya amsa, ya tambayi babana, ya tambayi hanya, ya ce, "'Yata, kin iya kuka kuwa. Sai dai ba a ji ki ba." Na faɗi saƙon yadda aka ba ni, ban ƙara ba, ban rage ba: Asabar jana'iza, yammacin Juma'a dattawa suna jiran amsa, in babu za a fara da babana, kuma babana ya ce in gaya masa ba ya so.

Ya daɗe yana juya kofin. Sannan ya fara magana, a hankali, da irin muryar da ya yi a bakin rami. Ya ce lokacin Ista da ya zo duba Kaka a asibitin Kafanchan, ta kama gemun nan da hannunta ta ce, Ishaku, na gaji da ganin ana kashe ka. Wannan karon ka kai ƙarshe. Ko na mutu kada ka bari aska ta taɓa shi sai ka gama. Ya ce in je in gaya wa dattawa haka, wasiyya ce, ba wanda zai tsallake wasiyya. Zai zo jana'iza, zai zauna a wurin ɗan fari, a taɓa masa aska a goshi kawai. Idonsa ya cika.

Na yarda labarin ya yi kyau. Da dattawa za su karɓa, da kowa ya huta, har da babana. Sai dai ni nake jinyar Kaka a lokacin. Mutane suna mantawa ina cikin ɗaki, na saba da hakan.

Na ce, "Baba Babba, ina wurin ranar. Ina zaune a bayan ƙofa."

Ya dube ni.

"Na ji ta kama gemun ta ce ka yi kama da bunsurun Anti Laraba. Sauran ban ji ba. Amma na fita sau ɗaya ɗebo ruwan zafi. In na kai saƙon za su tambaye ni ko na ji da kunnena, zan ce ban ji ba, na fita. To lokacin da na fita ne ta faɗa? In ka ce e, haka zan gaya musu."

Ya ajiye kofin. Budurwa mai na'ura a kunne ta leƙo ta ce ana jiran Sarki. Ya cire tawul, Kwantiniti ta zo ta taje gemun tana duba hoto, ya tafi.

Na zauna a gefe na kalli aikin yamma. Sarki ne a kan kujerarsa a gaban fada, mutanen kamfani sun zo da jaka, yana gaya musu ba zai sayar da tudun da iyayensa suke kwance ba. Magana ce mai tsawo, shi kaɗai, kyamara tana matsowa har fuskarsa ta cika ƙaramin allon da darakta ke kallo. Ba wanda ya yi tari. Da aka ce kot, Mai Haske da yaransa suka tafa, abin da Hajiya ta ce ba sa yi wa kowa. Ban taɓa ganinsa a zaune ana tsaye a gabansa ba, a fim ko a gida. Ya ɗan jima a kan kujerar bayan an kashe fitilu, yana shafa hannunta.

Daga nan ya tashi ya nufi wurin darakta. Suka tsaya nesa, ban ji abin da suke cewa ba. Na ga ta cire hularta ta mayar, ta kira wani siriri mai gilashi, ya kawo wasu takardu. Hajiya tana gefena tana jan carbi.

Rana ta kusa faɗuwa ya dawo. Siket ɗina ya bushe, na canza, na karɓi wayata a kwandon iyaka. Babana ya kira sau da yawa. Baba Babba ya zauna a kan bencin ƙaton nan, ya nuna mini gefensa.

Na ce, "Me zan gaya musu?"

Ya ja gemun a hankali har ƙarshensa, ya sake shi.

"Ba ta faɗa ba. Bunsurun ne kawai, da kika fita ma maimaitawa ta yi. Gobe da safe za su harbe ni a bakin rafi, in an gama sai mu kama hanya tare. Ki ce wa babanki ya wasa aska. Amma ba shi zai yi mini ba, hannunsa na rawa."